Fuskar da Ke Cikin Jirgi

A shagon hoton kawunta ba mai kiranta da sunanta. 'Yar Boko ake ce mata, kuma Kawu ne ya laƙaba mata tun ranar da ta gama makaranta ta ce masa fitilun shagon ba su zauna daidai ba. Sai ya ba ta kujera a lungu, bayan labule, inda fanka ba ta kaiwa. Nan take wuni tana shan zafi da baƙar magana, tana tsufar da hotuna.

Aikinta ke nan. Ta ɗauki hoton jirgin sama na bana ta mayar da shi kamar na lokacin yaƙi. Takan fara da share duk abin da zai tona asiri: dogon ƙarfen sabis ɗin waya a bayan fili, robar ruwa a ƙasa, rigar ma'aikata mai ƙyalli. Ta zare launi, ta sa hoton ya yi dishi-dishi. In an buga, ta jiƙa takardar a ruwan shayi, ta goge gefuna da samfefa, ta karya kusurwa ɗaya da farce. Masu saye su yaba, Kawu ya shafa gemu ya ce, "Hannun gado ne."

Ran nan wani mai otal ya zo ganin hotunan da za a rataya a zaurensa. Da kanta ta ɗauko su a filin jirgi, ranar da aka tayar da wani tsohon jirgi mai farfela. Matuƙiyar har sake zagayowa ta yi ƙasa-ƙasa dominta, don farfelar ta fito a hoton tana juyi ba a sandare ba. Da za ta wuce, matuƙiyar ta ɗaga mata hannu.

Mai otal ya kusantar da ido. "Wannan ai mace ce."

"Mace ce, yallaɓai. Ita ta tuƙa shi."

"To a cire ta. Baƙina dariya za su yi mini. Wa ya ga mace a jirgin yaƙi?" Ya zaro ɗan ƙaramin hoto daga aljihu. "A sa fuskar tsohona."

"Matuƙi ne?"

"Ke aka tambaya?" Kawu ya daka mata tsawa. Ya juya yana murmushi. "An gama, ranka ya daɗe. Yarinta ce."

Mai otal na fita, Kawu ya fizge labulen har igiyar ta tsinke.

"Kin share ƙarfe, kin share roba, kin share mota sukutum. Mutum ɗaya ne zai gagare ki?"

"Roba ba ta ɗaga mini hannu ba, Kawu."

"Ji mana! Malama ta fara lacca. Albarkacin 'yar'uwata kike ci a nan, in ba ki sani ba. Wa zai ɗauke ki da wannan bakin? Ko ki sa fuskar, ko kujerar nan ta huta da ke yau."

Ta san ba wasa yake ba. Ta kuma san ba ta da kwamfuta a gida, ba ta da injin bugawa, sai kyamara da ta saya da guminta. Ta haɗiye abubuwa da yawa a lungun nan. Ta haɗiye ranar da ya aike ta sayen sabulu a gaban abokan karatunta, da ranar da ya buga sunansa a ƙasan aikinta. Ta jawo kujera ta zauna.

"Yauwa," in ji Kawu. "Ashe ana jin magana."

Bai taɓa ganin ta yi aiki da natsuwa haka ba. Ta duhunta sararin sama, ta sa ɗan tabo a fiffike, ta bar haske ya cinye gefe ɗaya kamar yadda tsohuwar kyamara ke yi. Ta buga, ta jiƙa, ta tsamo. Sannan ta ɗora hoton a teburinsa yana ɗiga, ta ajiye ɗan hoton tsohon mai otal a gefe.

Duk wanda ya gani zai rantse daga akwatin kakansa aka ciro shi. Matuƙiyar na nan a kujerarta, hannu a ɗage.

Kawu ya miƙe. "Raini ne ko hauka?"

"Aiki ne. Ka ce a tsufar da shi, ga shi ya tsufa."

"Fita! Kuma yanzu zan kira uwarki."

"Kira ta. Ka ce mata ina hanya."

Ta rataya kyamara, ta zare katin kyamararta daga kwamfutar, ta ɗauki hoton da yatsu biyu. Ya kai hannu zai fizga, ta kauce.

"Takardata ce!"

"Ka cire a albashina."

Maƙwabcinsu tela ya leƙo. "'Yar Boko, ina zuwa da tsakar rana?"

Ta wuce shi ta fita titi. Ba ta san abin da za ta faɗa a gida ba. Wata mota ta wuce ta tayar da ƙura, ta juya baya ta kare hoton da jikinta, don bai bushe ba tukuna.