Waƙar da Kikue Ta Sani Ta Bayan Bango

"To wacce ce a ciki, Iya?" in ji Chizuru, ta zube faifai goma sha huɗu a kan teburin gidan jana'iza.

Kikue ta zuba musu ido. Duk hoton mutum ɗaya ne, mai gashi har kafaɗa, rungume da jita. Shi ne wanda ya bar ƙungiyarsa ya koma waƙa shi kaɗai, ƙasar kaf ta haddace waƙoƙinsa, ban da Kikue. Tsoho Hamaguchi, kawun Chizuru, maƙwabcin Kikue na shekara goma sha ɗaya a wani tsohon bene a garin Amagasaki na ƙasar Japan, yana kwance cikin akwatin gawa a zaure, saura minti arba'in mota ta kai shi wurin ƙona gawa, kamar yadda ake yi a ƙasar. A asibiti ya riƙo hannun rigar Kikue ya ce, "Ki sa a fitar da ni da waƙar nan tamu." Ta ce to. Sunan waƙar kuwa ba ta taɓa tambaya ba.

Tamu, wai! Kullum ƙarfe bakwai na safe yake ƙure sautinta, ita kuma ta dirka wa bango dundu uku, ta ce, "Tsohon banza, kurma ne kai?" Shi kuma ya amsa daga can, "Kin tashi ke nan, sarauniyar masifa!" sannan ya rage. Haka ake yi har ran da santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙugu ya karye. Waƙa ta ƙare bai ji dundu ba, ya je ya tayar da mai kula da bene aka buɗe ƙofa. Ba don shi ba, da sai wari ne zai sanar da mutane. Bakinta bai taɓa iya yi masa godiya ba, sai dai ta miƙa masa kwanon dafaffen kabewa tana harararsa.

Chizuru ta sa faifai na farko, ta sa na biyu, tana tsallake waƙoƙi. Kikue sai girgiza kai take yi.

"Iya, mu sa kowacce mana. Ai Kawu ba zai sani ba."

"Ke! Ni zan sani."

Kikue ta miƙe tana dafa ƙugu. "Ɗauki rediyon nan, 'yar nan, ki shiga ɗakin can. Ki rufe ƙofa, ki jingina shi da bango, ki ƙure."

"Gidan makoki ne fa, Iya."

"Da yana da rai ya san kunya ne?"

Tsohuwa ta manna kunne a bango, cikin baƙar rigarta ta gargajiya, kimono, ma'aikata na wucewa suna kau da kai. Waƙa ta wuce, wata ta wuce, duk gunji ne kawai. Sai a faifai na shida ta ji shi: dum, dum-dum, ya tsaya, ya sake. Hannunta bai jira ta ba, ya kai wa bangon mutane dundu uku.

"Ita ce?" Chizuru ta ɗaga murya.

"Ita ce, ja'irar!" in ji Kikue, hawaye na zuba.

A waje, mutum shida ne suka tsaya. Aka sa akwati a mota, direba ya danna doguwar oda ta ban kwana, aka saki waƙar a fili. Kikue ta sunkuya, sai ta ji abin da bango ya ɓoye mata shekara goma sha ɗaya. Ashe a saman dum-dum ɗin akwai wata siririyar jita mai taushi, tana tafiya a hankali, ba ta hayaniya da kowa. Kai, ashe waƙar mai daɗi ce.

"Na gode, tsohon banza," ta ce ƙasa-ƙasa.

Mota ta sha kwana. Wani ma'aikaci ya kai hannu zai kashe.

"Bar ta ta ƙare," in ji Kikue.

Sauran suka koma ciki. Ta tsaya ita kaɗai a farfajiyar, riƙe da jakarta da hannu biyu, kanta a karkace wajen sautin.