Shafin da Babu a Littafin Atine

"Malam Nasiru, an yi maka ƙwange," in ji Baba Choji, yana bin jerin sunayen da ke shafin farko na sabon Baibul da gilashinsa na ƙara girman rubutu. "Bakwai babu."

Ina tsaye a bakin ƙofarsa, ko rigar sanyi ban cire ba. Sau uku na zaga layin kantunan unguwar Wheaton kafin na sami inda zan ajiye tasi. Na shiga kantin littattafan Kirista ina waige-waige kamar ɓarawon kaza, kada wani ɗan masallacinmu ya hango ni, na ce wa matar da ke sayarwa ta ba ni Baibul mai manyan baƙaƙe, na tsoho ne mai ciwon ido. Ta miƙo mini wani mai nauyin bulo. Yanzu kuma wai bai cika ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

"Haba Baba, sabo ne fa dal, a ledarsa na ɗauko. Wa zai yage masa shafi?"

"Ba yagewa aka yi ba. Zauna, ɗan Damagaram, kana tare mini haske."

Ni direban tasi ne, matata da 'ya'yana uku suna can Damagaram, shekarata tara a lokacin ina kwana ni kaɗai a ɗaki mai lamba goma sha huɗu. Baba Choji yana goma sha biyar. Mutumin Filato ne, daga wani ƙauye kusa da Jos, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana katikis, wato shi ke koyar da addini ya ja addu'a a cocin da Fada, limaminsu, ba ya zuwa sai wata-wata. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Atine, wadda take aikin nas, ta kawo shi Amurka. Zama bai yi daɗi ba a gidanta na Springfield, don ita da mijinta sun bar Katolika sun koma wani coci mai ganguna da jita, sai ta kama masa ɗaki a benenmu, kusa da bas ɗin da ke kai shi cocinsa. A lif muka haɗu. Ya ji ina zagin wani makanike a waya da Hausa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki har muka wuce hawanmu. Duk benen nan mai hawa shida, mu biyu ne kaɗai muke gaisawa da "ina kwana".

Na zauna. Ya rufe littafin ya ɗora tafinsa a kai.

"Naku littafin guda ne, ko? To namu littattafai ne da yawa aka ɗinke wuri ɗaya. Ka ga dole wani ya zauna ya ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje. Shugabannin Katolika ne suka yi wannan zama, wajen shekara ɗari huɗu bayan Yesu. Ka san a ina? Kartaj. Tunisiya ta yau. Bayan gidanku ne, in ka haye Sahara."

"To mu ba su gayyace mu ba."

"Ai da kun zo da shayi an kwana ba a gama ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Abin da suka amince da shi, in ka ƙirga, saba'in da uku ne. Aka fi shekara dubu a haka. Sai waɗanda suka ware daga Katolika suka ce bakwai daga ciki babu su a na Yahudawa na Ibrananci, suka ture su gefe. Saura sittin da shida. Shi ka sayo mini."

"Baba, mutum na da littafi sittin da shida, me kuma yake nema? Ko ka haddace su ne?"

"Shafi ɗaya nake nema," ya ce, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Ƙodarsa ta gaza tun bazara, ya ce ba za a ƙara jona shi da na'urar wankin jini ba, likita ya ba shi 'yan watanni. Wannan na sani. Abin da ban sani ba sai ranar ya faɗa mini. A cikin bakwai ɗin nan akwai wani littafi, Makabi na biyu, kuma a cikinsa akwai shafin da wani shugaban yaƙi ya sa aka roƙa wa sojojinsa da suka mutu gafara. A kan wannan shafi Katolika suke kafa hujjar yi wa matattu addu'a. Kowace shekara, biyu ga Nuwamba, Baba Choji yakan ja mutanen ƙauyensu zuwa maƙabarta, ya karanta musu shafin da Hausa daga wani littafin rubutu da ya kwafa da hannunsa, sannan ya kira sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya. Littafin rubutun gara ta cinye shi tun a gida.

"Shekara talatin da ɗaya ban tsallake sunan kowa ba, har na wanda ya sace mini akuya," ya ce. "Ga nawa ya zo, littafin 'yata ba shi da shafin. Fastonsu ya ce wanda ya mutu ya mutu, addu'a ba ta kai masa."

"Ai Fada zai yi maka."

"Zai yi. Zai karanto sunana daga takarda, ya kasa faɗinsa daidai, ya wuce na gaba. Ni muryar Atine nake so. Da Hausa."

Na sunkuyar da kai. Mu Musulmi ai kullum cikin yi wa matattunmu addu'a muke, ban taɓa tunanin akwai wanda zai rasa ta don shafi ba. Amma na kuma san abin da malamanmu suka ce game da nema wa wanda ba Musulmi ba gafara bayan ya mutu. Na ga gara in faɗa masa gaskiya tun yana ji.

"Baba, ka san ni ba zan iya ba."

"Wa ya roƙe ka? Kai dai kana da ido da hannu. Rubutu za ka yi."

Turancina na karɓar fasinja ne, ba na karanta tsofaffin littattafai ba. Amma na yi lakwal, makarantar bokonmu ta Nijar, ina da Faransanci. Wani direba ɗan Togo da muke layi tare ya ara mini Baibul ɗin matarsa na Katolika, bayan ya tambaye ni sau uku ko lafiya. Na sayo kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango da bik na rubutawa. Kullum bayan azahar, lokacin da fasinja ke ƙaranci, sai in zo in zauna kusa da tagarsa. In karanta layi da Faransanci, in juya shi da Hausa, shi kuma ya rufe ido yana gwada shi da abin da ya rage a kansa.

"A'a, ba 'ya umarta' ba. Wannan Hausar rediyo ce. Ka ce 'ya sa aka yi'. Tsofaffin ƙauyenmu ne masu sauraro."

Shafi ɗaya tak, sai da ya cinye mana kwana biyar. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar magana, in zauna ina kallon ganyen bishiyar da ke bakin wurin ajiye motoci yana zuba a kan tasina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a shekara taran nan babu kwanakin da na fi jin ina da gida kamar waɗannan biyar.

Ranar Lahadi Atine ta shigo da kular gwaten acha, ta same mu a kai. Mace ce doguwa mai saurin tafiya, kullum da alamar gajiyar aikin asibiti a ƙasan idonta. Ta gaishe ni, ta ɗauki kayen ta karanta layi biyu, ta ajiye.

"Baba, har Malam Nasiru ka jawo cikin wannan maganar?"

"Shi ya fi ki kusa."

Maganar ta soke ta, na gani. Ta shiga zuba masa abinci tana magana ba ta kallonsa.

"Mun gama wannan zancen tun bara. Ba ya cikin Maganar Allah. Mutane ne suka ƙara."

"Mutanen da suka ƙara shi su suka ƙirga miki sauran sittin da shidan da kike riƙe. Kin yarda da su a can, kin ƙi su a nan?"

"Ni abin da na sani, Yesu ya gama komai. Ba ka bukatar addu'ata in ka tafi, Baba. Yanzu nake maka, kullum, har a mota."

"To ki ci gaba mana. Don na rufe ido sai ki yi shiru?"

Ta ajiye cokalin. "Kana so in yi abin da na yarda ba daidai ba ne? In yi maka ƙarya a gaban Allah?"

Ya kau da kai wajen taga. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, don abin da ta faɗa shi ne abin da na faɗa masa da bakina. Na yi sallama na fita, na bar su da gwaten yana hucewa.

Bayan mako biyu ya daina tashi daga gado. Wata safiya na kawo masa shayi, ya kasa riƙe kofin. Ya nuna kayen da haɓa.

"Ɗauki. Kada ka ba Atine."

"To me amfaninsa, Baba?"

"In ta tambaya ka ba ta. In ba ta tambaya ba, ka bar ta. Addu'ar dole ba addu'a ba ce." Ya numfasa. "Ka gaida mutanen Damagaram."

Ranar Talata da rana ina layin tasi a filin jirgi Atine ta kira. Ta ce Fada ya zo da safe ya shafa masa man addu'ar marasa lafiya, ta riƙe hannunsa, ya cika. Na fita daga layin da na yi awa biyu ina bi, na tsaya a gefen hanya na kifa kai a sitiyari. Na yi kuka, kukan da ban yi wa mahaifina ba don ina nan lokacin da ya rasu.

An yi masa jana'iza a cocin Katolika kamar yadda ya so. Na zauna a bencin ƙarshe. Fada ya karanto sunansa daga takarda, kuma bai faɗe shi daidai ba. Atine ta gode mini a bakin kabari, ta riƙe hannuna, ba ta tambayi komai ba. Ranar Asabar suka zo da mijinta suka kwashe ɗakin, ina jin jan kujeru ta bango, kayen yana aljihuna. Sau biyu na kai hannu ƙofata na fasa. Haushinta na ji, na ji haushin tsohon da ya ɗaure mini baki, na ji haushin kaina. Da suka tafi na sa kayen a aljihun gaban mota, tare da takardun inshora. Wani ɗan Habasha ya kama goma sha biyar, muna gaisawa da kai.

Biyu ga Nuwamba ta faɗo ranar Laraba. Wajen ƙarfe goma na safe wayata ta yi ƙara.

"Malam Nasiru, kana aiki? Na sauka daga aiki, ba na jin zan iya tuƙi. Ka kai ni wajen Baba."

Na ɗauko ta a bakin asibiti, tana sanye da shuɗin kayan nas, Baibul ɗinta mai baƙin bango a hannu. Muka nufi maƙabarta. Sai da na kashe mota ta yi magana, idonta a kan taga.

"Tun ina 'yar shekara shida nake riƙe masa kyandir a wannan rana. Yau na tashi ina ƙirga sunayen da yake kira, na ga babu mai kiran nasa." Ta juyo ta dube ni. "Littafin nan yana wurinka?"

Na buɗe aljihun mota na miƙa mata.

"Ban canza ra'ayi ba fa," ta ce. "Ban san ko yana kai masa ba."

"Ni ma ban sani ba."

Ta tafi ta tsaya a kan sabuwar ƙasar da ko ciyawa ba ta fito ba. Na tsaya nesa, jikin mota, hannuwana a aljihu. Ina jin muryarta tana karanta rubutuna a hankali, tana tuntuɓe, tana komawa baya. Da ta kai ƙarshe ta daɗe a tsaye. Sannan ta kira sunansa, Choji, yadda ake faɗinsa a ƙauyensu, ta ce, "Allah ya ji ƙanka, Baba."

A hanyar komawa na dube ta ta madubi. Ta buɗe Baibul ɗinta a inda Tsohon Alkawari ya ƙare, ta cusa kayen a nan. Bangon ya ƙi rufuwa, shuɗin yana leƙowa ta gefe. Ta ɗora shi a cinyarta ta danne da hannu biyu, a haka muka isa Springfield.