Ƙamshin Kwakwa a Farar Riga

Auta ta shimfiɗa gyalenta a kan teburin guga, ta leƙa ta tabbatar mai shago yana can gaba wajen kanta, sannan ta zaro wata kwalbar turare daga jakarta. 'Yar ƙarama ce, an manna mata hoton bakin teku da fasasshiyar kwakwa. Jiya ta saye ta a hannun wani mai tebur a bakin tasha, wanda ya rantse cewa da turaren da na manyan kantuna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kwali ne kawai ya raba su. "Turaren lokacin zafi ke nan," in ji shi, "gumi ma ƙara masa daɗi yake."

Ta fesa wa gyalen, ta ƙara fesawa, ta ɗora dutsen guga. Duk mai guga ya san zafi ne ke ɗaure ƙamshi a jikin zare. Tururi ya tashi, zaƙin kwakwa ya cika ɗakin har ya danne warin sabulu da sitaci.

"Ikon Allah," in ji Goggo, tsohuwar mai wanki, daga bakin injin wanki. "Yau kuma gidan biskit muka koma?"

"Kai, Goggo!"

"Ni dai na san yau ranar karɓar kayan wani ce."

Wanin shi ne Mai Farar Riga, kamar yadda suke kiransa a shagon, ma'aikacin ofishin tikitin jirgi da ke tsallaken titi. Duk mako yake kawo rigunansa, duk farare. Ta jikinsu Auta ta san shi: inda gumi ke zama a kwala, inda agogo ya ci bakin hannun hagu. Maganarsu ba ta taɓa wuce "sannu da aiki" ba, amma takan tafi da ita gida ta yi ta juya ta a zuciya kamar an rubuto mata waƙa.

Ta rataye gyalen, ta jawo rigarsa ta farko, ta manta ba ta goge gindin dutsen ba. Sai da ta gama kwala ta ji ƙamshin a jikin rigar. Maiƙon turaren ya manne a ƙarfe, ƙarfen ya kai shi jikin rigar. Kamata ya yi ta mayar da ita wanki nan take. Maimakon haka sai ta tsaya riƙe da ita, tana hango shi zaune cikin sanyin ofis, ƙamshinta a wuyansa, bai san daga ina ya zo ba, yana ta neman mai shi. Ta goge sauran da dutsen yadda yake.

Da la'asar ya shigo. Ita da kanta ta kai masa kayan gaban shago, gyalen a kafaɗarta. Ya ce sannu, idonsa a kan waya. Ya buɗe ledar, sai ya dakata, ya yamutse fuska.

"Mene ne wannan?"

"Lafiya, ranka ya daɗe?" in ji mai shago.

"Shinshina ka ji. Kamar da man gashi aka wanke su. Irin turaren nan ne na bakin titi. Jibi fa zan je gaida iyayen yarinyar da zan aura. In shiga gidan mutane ina wannan warin? Ita kanta hanci gare ta kamar kyanwa, sai ta tambaye ni wace mai talla na rungumo a hanya."

Ya yi dariya, mai shago ya taya shi. Sai iskar fanka ta kaɗa gyalen. Ya ɗago ya dube ta, kallon da ta daɗe tana roƙon Allah ya kawo.

"Au, naki ne? Yi haƙuri, ƙanwata, ba da ke nake ba. Amma gaskiya wanda ya sayar miki ya cuce ki."

Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kwashe su," in ji mai shago, ba tare da ya kalle ta ba. "Kada ki tashi sai kin sake wanke su. Gobe zai dawo."

A ɗakin baya Goggo ta miƙo hannu. "Kawo in wanke, 'yata."

"Bari, Goggo. Ni na ɓata."

Ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa har fatar yatsunta ta yi fari. Ta kankare gindin dutsen tas. Da suka fito daga injin busarwa ta yi musu gugar da ba ta taɓa yi wa kayan kowa ba, kari kamar bakin wuƙa.

A riga ta ƙarshe, wadda ta fi sauran kyau, ta ga maɓallin ƙirji yana lilo, zare ɗaya ne ke riƙe da shi. Allura na nan cikin aljihun tebur, kusa da gwiwarta. Da jiya ne, da tuni ta ɗinke shi ba tare da kowa ya sa ta ba.

Ta kewaye maɓallin da bakin dutse a hankali, ta ninke rigar yadda ba zai nuna ba, ta sa ta a saman sauran.