Gahawar Jidda a Zauren Baba

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zaɓen injin gahawa, ni da ban taɓa shan gahawa ba. Shayi na sani, shi ma sai in mura ta kama ni. Amma tun da aka yi wa Baba aikin mafitsara aka sallamo shi, ya ɗaura gaba da abinci. In an kawo kunun gyaɗa ya kau da kai, in farfesun kaza ne ya ce ƙarni. Furar da ko ranar Sallah ba ya fashinta, sai ya juya ludayi a ciki ya ajiye. Likita ya ɗora shi a sikeli, ya dube ni kamar ni nake cinye abincin, ya ce nan da wata guda in bai fara ci ba za a mayar da shi gado a zura masa roba ta hanci. Sai da muka kama hanyar gida Baba ya yi magana.

"Uwata, kada ki bari su sa mini robar nan."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, Siddiƙa. Innarmu ta rasu shekara huɗu ke nan, yayana Anwar yana Abuja, saboda haka jinyar a kaina ta sauka. Na roƙi maigidana na dawo gidanmu na Daura, da safe in tafi firamaren da nake koyarwa, da rana in dawo in dafa abin da ba za a ci ba. Gaskiya na gaji, gajiyar da barci ba ya warware ta.

Washegarin zuwanmu asibiti ina gyara masa matashi a zaure, ya ce kamar da kansa yake magana: "Da za a samu gahawar nan ta Jidda, mai madara da kumfa a sama."

Shekara goma sha tara Baba ya yi yana tuƙa motar wani Balarabe a Jidda. Wannan ne abu na farko da ya ambata da bakinsa cikin wata biyu, sai na riƙe maganar hannu bibbiyu. Na kira likita, ya ce ƙaramin kofi da madara mai yawa ba laifi, in dai zai buɗe masa ciki. Na kira Anwar, ya ce ai sunanta latte, da inji ake yi, in zaɓa shi zai saya. Shi ke nan nasa ya ƙare. Haka aikin Anwar yake tun muna yara.

Duk lokacin tara, sauran malamai na cin awara, ni ina duƙe a kan waya. Ashe injinan nan dangi ne guda. Akwai mai cin wasu 'yan gwangwanaye, ka jefa ɗaya ka danna, sai dai in sun ƙare sai an aiko daga Legas. Akwai mai yin komai da kansa, ya niƙa ya dafa ya zuba, wanda in ya lalace ban ga mai taɓa shi tsakanin Daura da Kano ba. Sai na tsakiya, mai wani ludayin ƙarfe da ake cusa wa garin gahawa a danne, da siririn bututu a gefe mai fitar da tururi don tayar da kumfar madara. Kowane Bature a bidiyo ya rantse nasa ne na 'yan koyo. Har gardama suke a kan zafin ruwa kamar masu rabon gado.

Tambaya kam na yi ta. Na tambayi Yazid, mai shagon kayan wuta a Kano, ko robar bakin injin tana samuwa in ta cinye. Na tambayi Shatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga hanyar Zango, ko za ta riƙa ware mini ɗanyar madara kafin ta sa mata tsami. Na kira Abbas da ya haɗa mana sola, don wutar gari sai ta ga dama take leƙo unguwarmu. Ya karanta takardar injin, ya ce wannan abu yana jan wuta kamar dutsen guga.

"Da safe batir bai cika ba, Malama. In kin kashe firij, zai ba ki kofi biyar, shida in an yi sa'a. Daga nan inbatar solar za ta yi kuka ta ɗauke wuta."

"Tsoho ɗaya ne, Abbas. Kofi ɗaya nake so."

Na zaɓi na tsakiyar, ƙarami, mai yin kofi ɗaya a lokaci guda. Direban motar Kano ya kawo shi tasha a kwali, tare da garin gahawa leda biyu.

Kwana uku ina ɓarna. Na farko ya fito tsararo kamar ruwan wanke tukunya, don ban danne garin ba. Na biyu na danne da duk haushin da ke cikina, ya riƙa ɗiga baƙi ƙirin, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Madara kuwa ta yi mini tsartuwa a fuska, ta ƙona mini yatsa biyu, kafin in gane cewa sai an tafasa ta an bar ta ta yi sanyi ƙalau, kuma bakin bututun ɗan nutsa shi kaɗan ake yi. Rana ta huɗu, ƙarfe bakwai saura, na ga kumfa ta kwanta luf a kan kofi. Na ɗanɗana. Ban ji abin da ya kai a yi masa wannan wahala ba, amma dai ta yi kama da ta bidiyo.

Na ɗora a faranti na nufi zaure. Baba na kishingiɗe, ga Baba Nagoggo a gefensa, amininsa tun na ƙuruciya, tsohon dillalin shanu, ya biyo daga masallaci dubiya. Baba ya karɓi kofin da hannu biyu, ya shinshina, fuskarsa ta sake. Sai ya miƙa wa Baba Nagoggo.

"Bismilla."

"A'a, Alhamdu lillahi. Kai aka yi wa."

"Karɓi mana."

"Na ƙoshi, Kalilu."

"Hannuna ya gaji, Nagoggo."

A na ukun ya karɓa, don ba a barin hannun mara lafiya a miƙe. Ina tsaye ya shanye, kumfa a gashin bakinsa, Baba na kallonsa yana murmushi. Na ce bari in haɗo wani. Kafin in dawo Malam Usman liman ya shigo, shi ma aka yi masa tayi uku. Na duba agogo, na ɗauki jakata na tafi makaranta a makare.

Haka muka yi mako guda. Na gwada sammako, 'yan dubiya sun riga ni, don daga sallar asuba suke wucowa. Na gwada da azahar lokacin da zauren ba kowa, ya ce in ajiye, wani zai shigo. Ta huce a gabansa, kumfar ta faɗa, ƙuda ya samu. Labari kuma ya zaga unguwa cewa ana shan gahawar Makka a gidan Alhaji Kalilu, har waɗanda ba su leƙo shi a asibiti ba suka tuna da zumunci. Wuyan rigar Baba kuwa kullum ƙara faɗi yake.

Ranar Juma'a na tare Baba Nagoggo a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗi abin da ke raina.

"Baba, don Allah ku daina karɓa. Litinin za mu koma asibiti. Ba don ku na sayo injin nan ba."

Bai yi fushi ba. Ya dogara sandarsa ya dube ni.

"'Yata, shekara sittin nake tare da ubanki. Ko goro ne bai taɓa kaiwa baki ba sai na kusa da shi ya ɓalla. In mun ƙi karɓa, shi ma ba zai sha ba, kuma mun ba shi kunya a zaurensa. Ki yi wa kowa, sai ki gani."

Asabar ba makaranta. Na leƙa na ƙirga takalma a bakin zaure, ƙafa shida. Na kashe firij, na kashe fanka, na zare duk cajar da ke gidan. Kofi ɗaya bayan ɗaya: cusa gari, danne, jira, tururi, wanke ludayi, sake cusawa. Ina gama kowanne in kai in dawo. Bayana ya riƙe, yatsun da suka ƙone suna zogi. Na kai na shida, na dawo na cusa garin na Baba, na danna. Inbata ta yi kukan da Abbas ya faɗa, fitilar injin ta mutu.

Na zauna daɓas a ƙasan kicin. Ko kukan ma ban samu ƙarfin yi ba. Da na ga zaman ba zai kawo wuta ba, na tashi na tafi zaure hannu wofi.

"Baba, wuta ta ɗauke. Naka bai samu ba."

Sai a lokacin na lura ba wanda ya kurɓa. Tsofaffi shida, kowa riƙe da kofinsa a kan gwiwa, na farkon har ya huce. Baba Nagoggo ya ce in kawo kofi wanda ba komai a ciki. Ya tsiyaya daga nasa, ya miƙa wa liman, liman ya tsiyaya ya miƙa gaba, har ya zagayo ya kusa cika. Babu kumfa, babu zafi, duk abin da na kwana goma sha ɗaya ina nema babu shi a kofin nan. Baba Nagoggo ya ajiye shi gaban Baba, ya ɗaga nasa ya kurɓa, sauran suka bi.

Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauka ya yi bismilla ya sha. Ya sake sha. Na ga maƙogwaronsa yana motsi.

"Yaya ka ji ta, Kalilu?" in ji liman. "Ta kai ta can?"

"Oho. Ta can a tsaye nake shanta, jikin mota, ina jiran maigida. Ban taɓa jin daɗinta ba."

"To Baba, me ya sa ka ce a nemo?" Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

"Shekara goma sha tara ina sha ni kaɗai, Uwata. Kullum in na ɗaga kofin sai in ce, da su Nagoggo na nan da sun ɗanɗana."

Na tambayi mai shago, na tambayi mai sola, na tambayi mai nono. Shi da ya nema ban taɓa ce masa, kai da wa za ku sha ba.

Baba ya leƙa kofinsa, saura kaɗan, ya ɗago.

"Akwai burodi a gidan nan? Ki yanko da yawa, mu bakwai ne."