Gwaggo Tela da Mai Gatari

Bas ta taka burki ba zato, takobin ya zame, wani ƙwarangwal ya samu sarari ya gaura wa jarumin Gwaggo Tela duka a ka. Ta ja tsaki, ta gyara zaman na'urar gem ɗin da take bugawa a kan cinyarta.

"Mama, don Allah ki rage sautin nan," in ji 'yarta a hankali. "Mutane na kallonmu."

"Su kalla mana. Ba su nake sara ba."

'Yar, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwar da take yi a firamare, ta kau da kai zuwa taga. Ta ɗauki izini a wurin aiki don ta raka uwarta asibiti, ta kwana da fargabar abin da za a ce musu, ga kuma wadda ake fargabar dominta ta duƙufa tana kashe ƙwarangwal.

Bara ne abin ya faru. Gwaggo Tela na tsaye a shagonta tana yanka yadin wata amarya, sai almakashi ya suɓuce ya faɗi, bakinta ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likitoci. A hankali ƙafa ta dawo, magana ta dawo har da ƙari, amma hannun dama ya ƙi. Aka ba ta wata ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ta matsa na ɗan lokaci, ranar da ta gaji ta cilla ta ƙarƙashin gado, ta koma kwanciya tana kallon silin. Matar da ta ɗinka wa rabin unguwa kayan aure, maɓallin rigarta ma sai an ɓalla mata.

Ƙanenta ne ya ɓata wannan kwanciyar. Mai gyaran waya ne, gemunsa ya fara furfura, amma har yanzu Auta take kiransa. Wata rana ya zo da 'yar na'urar gem da wani ya kawo gyara ya ƙi dawowa karɓa, gefenta a naɗe da salatif. Ya zauna bakin gado yana bugawa. Ta saci kallo, ta sake satar kallo.

"Wa ya ɗinka wa mutumin nan riga?" ta ce. "Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Yaya, gem ɗin arha ne. Ina jin mutum biyu ne suka haɗa shi a ɗakin haya."

Ko makaho ya san na arha ne. Abokan gaba duk fuskarsu ɗaya, sai dai a sake musu launi: yau ƙwarangwal fari, gobe kore. Alkyabbar jarumin a sandare take kamar an cika mata sitaci. In ya matsa kusa da bango, kafaɗarsa kan shige ciki ta ɓace. Ƙarar takobin kuwa kamar an yar da murfin tukunya, kiɗan kuma guda ɗaya ne tal, yana ƙarewa ya sake farawa. Labarin ma babu kai babu gindi. Ana buɗe ƙofa, su taso maka, ka sare su, a buɗe wata.

Auta ya yi kamar ya manta na'urar a kan gado. Da ya dawo bayan kwanaki, ya tarar da ita tana bugawa da hannun hagu kaɗai, tana zagin na dama.

Ita kanta ba ta iya faɗar abin da ya kama ta ba. Watanni kowa na lallaɓa ta kamar ƙwai, sannu Gwaggo, kada ki tashi Gwaggo. A cikin gem ɗin nan babu mai ce mata sannu. Su zo da gudu, ta danna, su zube. Da ta kai matakin da hannu ɗaya ba ya isa, sai ta ɗora babban yatsan dama a kan madannin sara, ta riƙa tura shi da ƙarfin hali. Yatsan ya yi gardama, ya yi ciwo, daga baya ya saduda. Manuniya ta biyo baya, don da ita ake riƙe madannin garkuwa.

Yanzu saura mutum ɗaya: Mai Gatari, wani ƙaton dodo mai ƙaho da ke gadin ƙofar ƙarshe. Ya kashe ta har ta daina ƙirgawa. Ana riƙe garkuwa da manuniya har ya gama sare-sarensa, sannan a saki a yi ta danna sara da sauri. Kullum a tsakiyar faɗan manuniyar ke sakewa.

A ɗakin jira na sashen motsa jiki, kujerun ƙarfe sun cika. Fanka ɗaya na juyawa a kasale. Malama ta miƙa kati ta dawo ta zauna.

"Mama, kin dai tuna yadda muka yi ko? In aka ce hannun bai isa aiki ba, za mu saki shagon, ki dawo wurina. Na riga na gyara miki ɗaki."

"Na tuna."

"Ba don na takura miki ba ne."

"Na sani, uwata." Haka take kiranta in ranta ya yi sanyi, don sunan mahaifiyarta aka sa wa yarinyar.

Gwaggo Tela ta san ɗakin. Yana da labule mai kyau da taga mai kallon katangar maƙwabta. Ta kuma san shagonta: teburin yanka da gefensa ya yi santsi saboda goga, keken ɗinki da aka lulluɓe da tsohon zani, madubin da mata ke juyi a gabansa suna cewa a ƙara matse ƙugu. Ta zaro na'urar daga jaka.

"Yanzu kuma? A nan?"

"Layin da tsawo."

Ƙofar ƙarshe ta buɗe. Mai Gatari ya fito yana tafiya kamar wanda takalmi ya matse. Ta ɗaga garkuwa. Gatari ya sauka, ya sake sauka, ta riƙe. Ta saki, ta yi masa ruwan sara, murfin tukunya ya yi ta faɗuwa. Wani dattijo da ke kusa da ita, sandar ƙarfe tsakanin ƙafafunsa, ya leƙo.

"Baiwar Allah, wane ne naki a ciki?"

"Ƙaramin."

"Kai. To Allah ya taimaka."

Wata mata mai bandeji a wuya ta juyo da jikinta gaba ɗaya don ta gani. Wani direba da ya karye a hannu ya taso ya tsaya a bayansu. Malama ta rufe fuska da gyale.

Jan layin da ke nuna jinin dodon ya sauko zuwa rabi. A daidai nan ne kullum manuniyar ke fara rawa, yau ma ta fara. Zafi ya taso daga yatsa ya haura har gwiwar hannu. Gatari ya same ta sau ɗaya, jinin jaruminta ya zube saura kaɗan.

Sai ga abin da Auta ya taɓa gaya mata ya faru. Dodon ya juya zai kawo sara, ƙafarsa ta shige cikin ginshiƙi, ya maƙale. Yana ta tafiya a wuri ɗaya, gatarin na dukan iska.

"Ya maƙale," in ji direban. "Hajiya, ki zagaya bayansa ki gama da shi. Ba zai iya juyowa ba."

Gwaggo Tela ta ja jaruminta baya, ta tsayar da shi.

"Me kike jira?"

"Ya fito."

"Ya fito? Kashe ki zai yi."

"Wata nawa mutumin nan yana wulaƙanta ni," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Ba zan sare shi yana maƙale a bango ba. A tsaye nake son sa."

Dattijon ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ita kuwa ta yi amfani da ɗan sararin ta miƙe manuniyar, ta lanƙwasa, ta sake miƙewa. Dodon ya fizge ƙafarsa ya taho.

Ta ɗaga garkuwa. Sara ya sauka. Yatsan na rawa kamar zare a bakin allura, amma bai saki ba. Wani saran ya sauka. Ta cije leɓe, gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin ɗankwalinta. Malama ta sauke gyalen daga fuska. Ba allon take kallo ba, hannun take kallo, hannun da ta sha wankewa da shafa wa mai yana kwance kamar ba na uwarta ba.

"Riƙe, Mama," ta ce can ƙasa. "Riƙe."

Saran ƙarshe ya wuce. Gwaggo Tela ta saki garkuwa, babban yatsa ya hau madanni kamar ƙafa a kan keken ɗinki. Jan layin ya yi ta raguwa, ya yi siriri, ya ɓace. Mai Gatari ya tsaya cak, ya faɗi gaba ɗaya kamar allo, rabin jikinsa ya nutse cikin ƙasa.

Direban ya manta da karayarsa ya so ya tafa, ya yi ƙara ya dafe hannu. Matar mai bandeji ta ce barka. Duk suka matso don su ga abin da ke bayan ƙofar ƙarshe. Allon ya yi baƙi. Wasu 'yan kalmomi farare suka fito, sannan kiɗan nan ya sake farawa daga farko.

"Me aka rubuta?" Gwaggo Tela ta tambaya.

Malama ta karanta, ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye a idonta. "Wai sun gode da kika buga. Kuma ko godiyar ba su rubuta daidai ba."

"Shi ke nan? Ba sarauta, ba komai?" in ji dattijon.

"Kuɗinsu ya ƙare a gatarin," in ji Gwaggo Tela.

Suna cikin dariya aka kira ta.

Jami'ar motsa jikin ta sa ta buɗe hannu, ta rufe, ta taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Ta ba ta wani abu ta matsa, ta duba, ta ɗaga gira.

"Kin dage da ƙwallon nan ke nan."

Uwa da 'ya suka kalli juna. Malama ce ta yi bayani, tana kame-kame. Jami'ar ta karɓi na'urar ta jujjuya, ta gwada madannan da yatsunta.

"To, ba zan rubuta wa kowa wannan a matsayin magani ba," ta ce tana murmushi. "Amma yatsu biyun nan sun yi aiki. Sauran ukun kuwa kin bar su a baya, su ƙwallon za ki koma musu. Mu gani."

Ta buɗe durowa ta ɗauko almakashi da wani ƙyallen zanin gado, ta ja layi da biro. Gwaggo Tela ta zura yatsu. Almakashin ya yi mata nauyi, kuma ba shi da kaifi, amma ba ta kushe shi ba. Ta fara yanka. A hankali ƙyallen ya riƙa rabuwa, ƙarar nan da ta yi shekara ba ta ji ba ta cika ɗan ofishin. A tsakiya hannun ya yi rawa, ta dakata, ta numfasa, ta ci gaba har ƙarshe. Yankan ya ɗan kauce a wuri ɗaya. Gwaggo Tela ce ta fara gani.

"Da safe kawai," in ji jami'ar. "Ba yini ba. Kaya masu kauri ki bar wa wani. In hannun ya gaji, ki ajiye."

Malama ta ɗauki ƙyallen biyu ta haɗa bakinsu, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ninke su ta sa a jakarta.

A bakin ƙofar asibiti, rana ta take, masu bas na kiran fasinja. Gwaggo Tela ta karɓi wayar 'yarta, ta danna lambar da hannun dama.

"Auta, na kashe shi."

"Wa? Mai Gatari? Yaya, a ginshiƙi kika ritsa shi ko?"

"A fili, gaban shaidu. Ka ji, gem ɗin nan akwai na biyunsa?"

"Akwai. Amma an ce ya fi wannan muni. Wai dokin ciki da baya yake tafiya."

"Shi nake so. Ka nemo mini."

"To, gobe in na tashi zan biyo gida."

Ta kalli Malama. Malama ta gyaɗa kai, ta ɗaga hannu tana tsayar da bas.

"Ba gida ba," in ji Gwaggo Tela. "Ka kawo mini shago. Kuma ka zo da man keke."