Kujerar Bu Darsih

Mas Bagas ya yi wata uku a Singafo yana kwas ɗin tafiyar da kamfani, ya dawo garinmu Pekalongan da abu biyu: agogo mai faɗin faifai da wata magana ta Turanci. Da muka nemi fassara, ya ce ma'anarta ma'aikaci kamar noti yake, kullum sai an ƙara ɗaure shi. In zai faɗe ta har murza hannu yake a iska, sai ka ce yana riƙe da sufana.

Mahaifinsa ya tsufa, ya bar masa masana'antar batik ɗinmu. Mu goma sha biyu ne mata masu zana ado a kan yadi da alƙalamin kaki, ni ce aka naɗa mai lura. Wato ni ce sufanar.

Wadda aka fi so in ɗaure ita ce Bu Darsih. Shekararta talatin a nan, kuma saboda hannunta ne wani ɗan Japan ya yi odar zannuwa arba'in. Zane ɗaya yakan ci mata wata biyu. Mas Bagas ya duba takardunsa ya gano cewa wata biyu lalaci ne, ya mayar da shi sati biyar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Mas."

Daɗi ya kashe shi. Ya mayar sati huɗu, ta ce ta ji. Ya hana rediyo, ya rage hutun Azahar, ya kafa allo da sunan kowa, duk a cikin azumi. Kowane ɗaya ta ce ta ji. Ya kira ni ofis yana murza iska, ya ce in dubi abin da ilimi yake yi, tsohuwar ko tari ba ta yi ba. Shi da aka haifa a garin nan ya manta cewa matanmu ba sa musu da mai gida. Na ji kunya, amma ina son aikina.

Ranar da za a tafi hutun Sallah, Bu Darsih ta riƙe hannunsa biyu ta nemi gafara kamar yadda aka saba, har ya ji kansa sarki. Sannan ta ɗauki 'yar kujerarta ta katako ta ɗaure a bayan keke. Kowace mai zane da kujerarta take zuwa ranar da ta fara aiki, kuma ba a fitar da ita sai in an bar wurin. Na waiga na ga sauran ma kowacce ta rungumi tata. Mai agogo yana tsaye yana ɗaga musu hannu.

Bayan Sallah, ni kaɗai na dawo. Ɗan Japan yana bugo waya sau uku a rana, Mas Bagas yana ƙorafin cewa mutumin ba shi da tausayi, ya matsa masa lamba. Na ce masa ai ƙila shi ma ya yi kwas.

A rana ta biyar ya sa ni a mota muka je ƙauyen Bu Darsih. Ta kawo shayi da soyayyar ayaba. Ya yi rarrashi, ya yi barazana, ya kawo Turancin nan har sau biyu, ita kuwa tana cewa ta ji. Ya fito yana murmushi, ya ce mini saura kaɗan, gobe zai ƙara ɗaure ta.

Na zagaya bayan gida in wanke hannu. Ƙarƙashin mangwaro na ga kujeru goma sha ɗaya a jere, kaki yana narkewa a kan wuta, rediyo yana yi. An bar gurbi ɗaya a tsakiya.

Bu Darsih ta miƙo mini buta, ta ce, "Ke kuma, 'yata, yaushe za ki kawo taki?"

Mas Bagas ya danna hon, ya ƙwala mini kira in yi sauri.

Na ce, "Na ji, Mas."