Hannun Anti

A haihuwata ta fari, mari biyu na sha kafin yarinyar ta fito. Ina ihu, ungozomar ta ce in rufe mata baki, ai ba ita ta aike ni ba. Da ta zo ɗinki ko allurar kashe zafi ba ta yi min ba. Shi ya sa da na samu ciki na biyu na rantse ba mai sake ganin ƙafata a ɗakin haihuwa.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, ina shanyar kaya, maigidan yana wajen aiki. Na shige ɗaki na yi shiru da bakina, har yayarsa, wadda muke kira Yaya Babba, ta leƙo ta ga jini a zanena. Ba ta tsaya jin ta bakina ba, ta tare mota sai ƙaramin asibitin unguwa.

Gado biyu ne a ɗakin haihuwar, fanka ba ta juyawa, ga bokitin ruwa a kusurwa. Ungozomar wata gajeriya ce mai furfura, kowa Anti yake ce mata. Ta wanke hannu ta matso za ta gyara min matashin kai, ni kuwa na yi maza na kare fuskata.

Ta tsaya cak, ta dube ni.

"An taɓa dukanki wajen haihuwa?"

Na gyaɗa kai.

"To, ƙanwata, a nan ba a duka. Ba zan taɓa ki ba sai na faɗa miki abin da zan yi. In ihu ya zo, ki yi abinki, kunnena ya saba."

Haka kuwa aka yi. Kafin ta duba ni sai da ta tambaya, ta ja labule, ta rufa min zane. Ta bar Yaya Babba ta tsaya a kaina tana min fifita da kwali. Na matse hannun baiwar Allah har ta ce in tuna da shi take tuƙa tuwon 'ya'yanta. Anti ta yi dariya, ni ma na so in yi, ciwo ya hana.

Bayan azahar yaron ya faɗo da kukansa. Sai dai jini ya ƙi tsayawa. Na ga fuskar Yaya Babba ta canza, amma Anti ba ta ɓoye min ba. Ta ce mahaifa ce ba ta tsuke ba, za ta yi min allura ta murza cikin, kuma zai yi zafi. Ya yi zafin. Ta ɗaura min ƙarin ruwa, tana kiran sunana kada in lumshe ido, tana tambayata wa yaron ya ɗebo. Na ce hancin ubansa ne. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri.

Lokacin tashinta ya wuce, wadda za ta karɓe ta ma ta iso, amma ba ta tafi ba sai da jinin ya tsaya ta ga na sha shayi.

Da maigidan ya iso a guje, ya rasa da wane baki zai gode mata, sai addu'a yake jerawa. Ta ce amin, ta miƙa masa katin rigakafi, ta nuna masa ranar da za mu dawo. Ni na kama hannunta, sai hawaye kawai. Ta ɗan bubbuga kafaɗata ta ce in shayar da yaro, yana neman nono. Sannan ta saɓa jakarta ta fita neman abin da za ta ci.